Juyin Labari Ba Ya Faɗowa Daga Sama

A makon jiya ne wani ɗan'uwana marubuci, mutumin Bakura, wanda ya girme ni a shekaru ya kuma riga ni riƙe alƙalami, ya fitar da maƙala a kan labaran sarƙaƙiya da matasanmu suke rubutawa yanzu, waɗannan da ake saki shafi-shafi a WhatsApp da Wattpad, mutum yana karantawa gabansa yana faɗuwa. Malam ya ce a ƙyale yaran nan su sarara. Ya ce masu sharhi sun dame su da cewa juyin da labarinsu yake yi a ƙarshe bai kama hankali ba, alhali duk wanda ya zauna a Zamfara cikin shekara goman nan ba shi da bakin cewa wani abu ba zai yiwu ba. Wanda ya faɗi zaɓe ya wayi gari gwamna, an kwashe ɗaruruwan 'yan mata daga makaranta cikin dare ɗaya, to wane juyi ya rage a littafi da za a ce ya yi yawa? Ya ƙara da cewa zancen sai marubuci ya shuka alamu tun farko doka ce ta Turawa, mu kuwa mutanen gatana ne, kuma mun yi imani da ƙaddara.

Na karanta maƙalar sau biyu. Na gane abin da ya yi masa zafi, domin ni ma ina jin haushin masu kushe duk abin da yaro ya rubuta, su kuwa ba su taɓa haɗa babi ɗaya ba. Amma kariyar da ya ba yaran nan cutar da su za ta yi, kuma misalan da ya ɗauko daga garuruwanmu, in aka zauna aka dube su da kyau, ni suke ba shaida.

Mu fara sanin wane irin littafi ake magana a kai. Labari ne da fagen famarsa yake cikin ƙirjin mutum: amarya da ta fara zargin cewa mijinta ba shi ne wanda ya ce shi ne ba, yarinya da take ganin kowa a gidan yana ɓoye mata abu ɗaya, mutumin da yake ba mu labari da bakinsa muna ta gaskata shi har zuwa inda za mu gane tun farko rufe mu yake yi. Jarin irin wannan littafi halin ɗan Adam ne. Makaranci ya ba da lokacinsa ne don a nuna masa yadda zuciya take binne abu, da yadda abin yake tsattsafowa ta wani wuri ko an ƙi ko an so. To idan aka zo babi na arba'in aka ce ashe Hajiyar da ta riƙe marainiya, wadda shafi ɗari uku ba mu ga ta yi wa yarinyar ko kallon banza ba, ita ce ta kashe uwarta, me aka nuna mana game da zuciya? An dai cire wa mutum lambar kirki an liƙa masa ta mugunta, kamar yadda ake canja lamba a jikin mota. Haka tagwayen da aka raba ranar haihuwa ba a taɓa ambatarsu ba sai da aka buƙace su, da hatsarin motar da yake goge tunani daidai lokacin da marubuci ya rasa mafita, da mafarkin da ake farkawa daga gare shi bayan an sa mu mun sha kuka.

Ga misalin da Malam ya fi jingina da shi. Gaskiya ne, a zaɓen gwamna na ranar 9 ga Maris 2019 an bayyana Mukhtar Shehu Idris na APC da ƙuri'a 534,541, Bello Matawalle na PDP, ɗan Maradun, yana biye da 189,452. Gaskiya ne kuma ranar 24 ga Mayu Kotun Ƙoli ta ce ƙuri'un APC duk sun tashi a banza, bayan kwana biyar Matawalle ya sha rantsuwa. Duk wanda yake Mafara a wannan Juma'ar ta cikin azumi zai tuna yadda labarin ya sauka, ga shi garin gwamna mai barin gado ne, Abdul'aziz Yari, wanda shi ma hukuncin ya tafi da kujerar sanatan da ya ci.

Amma a je teburin mai shayi a tashar Mafara a tambaya, za a jero wa mutum babi-babin da suka kai ga wannan rana. Tun Oktoban 2018 jam'iyyar APC ta dare, zaɓen fidda gwani ya ƙi yiwuwa cikin wa'adi, hukumar zaɓe ta rubuta cewa APC ba ta da 'yan takara a Zamfara. Sanata Kabiru Marafa da mutanensa suka kafe a kotu suka ƙi janyewa. Ranar 25 ga Maris Kotun Ɗaukaka Ƙara da ke Sakkwato ta rushe hukuncin babbar kotun jiha da ya halatta fidda gwanin. Wata bakwai cur ana karanta mana alamun nan a rediyo safe da yamma. Babu abin da aka ɓoye mana. Mu ne muka ɗauka ƙarfin mulki zai danne takarda, shi ya sa muka yi mamaki. Wannan shi ne ainihin juyin da nake nema a littafi: ya girgiza ka a ranar, washegari ka waiwaya ka ga ashe hanya ce ɗoɗar ka biyo, kai ne ka riƙa kallon gefe.

Zancen 'yan matan makarantar Jangebe kuwa ba na son in mayar da shi kayan gardama, domin iyayen yaran suna nan da ransu. Abu ɗaya zan faɗa. An shiga makarantar ranar 26 ga Fabrairu 2021, aka sako 'yan mata 279 ranar 2 ga Maris. Kwana tara kafin nan an shiga makarantar Kagara ta Jihar Neja, a Disambar 2020 an shiga ta Ƙanƙara a Jihar Katsina. Duk wanda ya ce abin ya zo babu alama ya wanke waɗanda alhakin ganin alamar yake wuyansu.

Inda na fi son Malam ya tsaya ya saurare ni shi ne nan. Akwai kalma ɗaya da ta shiga bakin kowa daga Bakura har Maradun a shekarun nan, wato infoma, mai tsegunta wa 'yan bindiga. Saboda shi, a cewar hukuma, aka katse layukan waya a faɗin jihar a Satumbar 2021, a lokacin da aka rufe kasuwannin mako-mako aka hana sayar da mai a jarka. Idan akwai labarin sarƙaƙiyar zuciya da ya dace da Zamfara ta yau, to labarinsa ne: mutumin da kuke sahu ɗaya a masallaci, ya zo ya yi maka jaje da safe, alhali shi ya faɗi ɗakin da kake kwana.

A lura da yadda ƙauye yake yi idan asirin irin wannan mutum ya tonu da hujja. Rana ta farko kowa rantsuwa yake yi cewa bai taɓa zato ba. Kafin kwana uku sai baki ya fara buɗewa. Wannan ya tuna sabon babur ɗin da ya saya a shekarar da gero bai yi ba. Waccan ta tuna yadda yake zagayawa bayan rumbu in wayarsa ta yi ƙara. Wani ya ce shi dama ya sha mamakin yadda gonarsa ta bakin daji ita kaɗai ake nomawa har a girbe lafiya. Kowa ya ga guntun abin, kowa ya ba shi fassara mai kyau domin maƙwabci ne. Mutanen da ba su taɓa riƙe littafin ƙagaggen labari ba sun san cewa ɓoyayyen hali yana barin sawu, sun kuma san cewa sawun ba ya karantuwa sai daga baya. Su ne makarantan da Malam yake cewa za su haɗiye kowane juyi. Ni kuwa ina ganin babu makaranci mai wuyar yaudara a ƙasar Hausa kamarsu.

Akwai kuma ɗaya fuskar, wadda ita ce ta sa na ɗauki alƙalami. A garuruwan nan namu an sha nuna mutum da yatsa a ce infoma ne babu hujja, saboda tsohuwar gaba a kan gona, ko saboda ƙabilarsa, ko don shiru-shiru ne ba ya shiga mutane, kuma kowa ya san inda irin wannan zargi yake ƙarewa in ya faɗa hannun fusatattu. Yanzu a ɗauki yarinya 'yar shekara goma sha bakwai a Mafara da take karanta littafi bayan littafi a wayarta, kowanne yana koya mata cewa mugun shi ne wanda ba a taɓa ganin aibinsa ba, cewa rashin alama shi kansa alama ne, cewa mai yawan kirki shi za a fi tsoro. Ban ce littafi ne yake kashe mutane ba, bindiga da zalunci da rashin hukunci ne suke kashewa. Amma labari yana horar da ido. Wanda aka gina da gaskiya yana koya wa makaranci ya tambayi hujja, ya koma baya ya duba, ya bambanta zato da shaida. Wanda aka gina a kan ba-zata tsagwaronta yana koya masa cewa ana iya tabbatar wa kowa kowane laifi a shafin ƙarshe. A garin da yake zaune lafiya wannan rauni ne na fasaha kawai. A wurinmu ya wuce nan.

Na zo kan cewa shuka alama dokar Turawa ce. Gaskiya ne sun yi fice a kanta. A 1926 Agatha Christie ta Ingila ta fitar da The Murder of Roger Ackroyd, inda likitan da yake ba da labarin da bakinsa shi ne ya yi kisan. An yi ta ce-ce-ku-ce a kan ko ta yi wa makaranta adalci, amma littafin ya tsaya da ƙafarsa har yau, domin wanda ya koma ya sake karantawa zai tarar likitan bai yi ƙarya ba. Ya faɗi lokacin da aka kawo wasiƙa, ya faɗi lokacin da ya fita daga ɗakin, minti goman da ke tsakani ne ya tsallake, mu kuma muka bi shi muka tsallake. Gillian Flynn ta Amurka a Gone Girl na 2012 ta kai rabin littafi kafin ta nuna cewa kundin sirrin da matar take rubutawa shiri ne, amma tun kafin nan ta nuna mana mace mai son tsara wasan ɓuya da bin sawu duk shekara. Sai dai ba daga wurinsu muka koya ba.

A buɗe Magana Jari Ce na Abubakar Imam, wanda ya fara fitowa a 1937. Tun a farkon littafi na ɗaya an nuna mana cin amanar Waziri ƙarara, ba a ɓoye ba. Abin da yake riƙe makaranci shi ne ya san abin da Musa ɗan sarki bai sani ba, yana kallon aku yana jan dare da labari don kada yaron ya fita ya faɗa tarko. Da aka ɗaukaka akun a ƙarshe babu wanda ya ce daga ina, domin mun ga aikinsa dare bayan dare. A duba Jiki Magayi na John Tafida da Rupert East, cikin littattafan farko da suka fito daga Zariya a shekarun 1930, wanda a ganina shi ne kakan labarin sarƙaƙiyar zuciya a Hausa. Attajiri Malam Shehu ya aure Zainab da Abubakar yake so, Abubakar ya ƙulla ramuwa a ransa, ya tafi neman asirin da zai lalata ɗan da aka haifa, yaron ya tashi ɓarawo, sharrin ya komo kan mahaifinsa. Akwai asiri a ciki, kuma ban ƙi shi ba, domin da mu aka yi tafiyar nemansa, mun ga ƙiyayyar da ta haife shi tun tana ƙwaya. Abin da na ƙi shi ne aljanin da ake kira a babin ƙarshe ya zo ya share wa marubuci ɓarnar da ya yi.

Gatana ma da Malam ya fake da ita tana da amana. In tsohuwa ta ce ga ta nan ga ta nanku, ta riga ta faɗa wa yara irin duniyar da za a shiga, dabba za ta yi magana, ba mai gardama. Amma ta gwada mayar da Gizo mai gaskiya da riƙon amana a tsakiyar labari babu dalili, ta ga ko yaran ba za su tsayar da ita ba. Sun yarda gizo ya yi magana, ba su yarda ya bar halinsa ba.

Ƙaddara kuwa, a nan ne nake ganin Malam ya yi saurin magana. Ba ina gwada zancen Ubangiji da ƙagen ɗan Adam ba ne, Allah Ya tsare, amma Shi da kansa Ya kira ƙissar Annabi Yusufu mafi kyawun labari, kuma kowane almajiri a Bakura ya san tsarinta. Mafarkin taurari goma sha ɗaya da rana da wata yana farkon sura, fassararsa tana ƙarshe. Tsoron kyarkeci mahaifin ne ya fara ambata, 'yan'uwan suka dawo masa da shi a matsayin uzuri. Riga ta zo sau uku: da jinin ƙarya, da yagewa ta baya wadda ta zama hujjar da ta wanke shi, sannan wadda aka jefa a fuskar mahaifi ganinsa ya dawo. Mu da aka rena da wannan ƙissa ba za mu ce sai Bature ya koya mana cewa ƙarshe yana kwance a cikin farko ba. Malamanmu sun karantar da mu cewa ƙaddara tana tafiya da sababi. Marubucin da ya kasa ƙulla sababi ya ce ƙaddara ce, ya jingina gazawarsa ga abin da ya fi ƙarfin a jingina masa ita.

Akwai wurin da na ba Malam gaskiya. Yarinyar da take rubutu a waya tana saki kullum, masu karatu sun biya 'yan ɗaruruwan nairarsu sun shiga zaure, in kwana biyu suka wuce babu cakwakiya sai su fara ƙorafi su watse. Ba ta da edita, ba ta da mai duba mata, wani lokaci da kuɗin nan take sayen magani ko ta biya kuɗin makaranta. Ban raina wannan ba ko kaɗan. Haka marubutan Kano na shekarun 1990 suka yi fama, suna yanke littafi na ɗaya a daidai inda numfashi ya tsaya don a nemi na biyu. Amma wanda yake ƙaunar yarinyar nan abu ɗaya zai faɗa mata, kuma ba ya cin ko kwabo: kada ki saki shafin farko sai kin san na ƙarshe. In kin san Hajiya ce ta yi kisan, za ki san abin da za ki sa a hannunta a babi na uku, da tambayar da za ta kauce wa a babi na tara, da dalilin da ya sa kirkinta ga marainiyar ya wuce kima. Masu karatunki ba za su ragu ba. Za su koma su sake karantawa daga farko, abin da littafin ba-zata tsagwaro ba ya samu, domin ran da aka san sirrinsa ya mutu.

Kuma kayan aikin suna nan a ƙofar gidanmu, ba sai an aro attajirin Abuja mai jirgin sama ba. Dam ɗin Bakolori da aka kammala a 1978 a kan Gulbin Sakkwato ya cinye gonaki da garuruwa, manoma suka yi ta neman diyya, suka tare hanyoyi suka tsayar da aiki, har a watan Afrilun 1980 'yan sanda suka buɗe musu wuta. Gwamnati ta faɗi adadi kaɗan, mutanen yankin suna faɗin ɗaruruwa. Yau shekara arba'in da 'yan kai ke nan, akwai tsofaffi a ƙasar Maradun da Mafara da suke ɗauke da wannan rana a ƙirjinsu.

Ga wani labari da na ƙaga, na ba duk ɗalibin Malam da yake so kyauta. Wata yarinya ta tashi a hannun kakanta, dattijon da gari yake girmamawa domin wansa yana cikin waɗanda suka faɗi a wannan rana. Tsohon ba ya cin kifin dam ko an dafa shi a gidansa. Ba ya bin hanyar Birnin Tudu, gara ya yi zagaye. Shi ya aurar da 'ya'yan wan nasa duka, ya fifita su a kan nasa har matarsa ta mutu da wannan ƙorafi. Kowa yana cewa zumunci ne da baƙin cikin rashi, yarinyar ma haka ta ɗauka, makaranci ma haka. Sai ranar da ake rabon gado aka fito da wata tsohuwar takardar diyya daga ƙasan adaka, gonar wan ce a jiki, sunan ƙanen ne a wurin mai karɓa, kwanan watan kuma ya riga ranar harbin da mako guda. Ba a kira aljani ba, ba a kawo tagwaye ba. Yarinyar za ta zauna da takardar a hannu, makaranci kuma zai koma shafi na goma sha biyu, inda aka ajiye wa tsohon kwanon kifi ya ture shi ya ce a ba yara.